YADDA AKE ZAƁEN ƘWAN FITILAR TANKIN KIFI

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kimiyya na makarantarmu ya san tankin gilashin nan da ke kan teburin kusurwa, wanda 'yan aji ɗaya kan tsaya su yi ta kallo har sai an kore su. Tsawonsa ƙafa biyu da rabi ne. A cikinsa akwai yashi da tsakuwa da ciyawar ruwa, da waɗansu 'yan ƙananan kifaye masu wutsiya kala-kala da ake kira gufi. Asalin waɗannan kifaye daga Amurka ta Kudu ne, amma an kai su ƙasashe da yawa domin suna cin tsutsar sauro. A jikin murfin tankin kuma akwai dogon ƙwan lantarki irin wanda ake kira fuloresan, watau irin na azuzuwanmu, sai dai shi gajere ne.

Da na shiga aji biyar, Malaminmu na Bayoloji ya ɗora mini nauyin kula da wannan tanki. Ni ke ba kifayen abinci, ni ke canja ruwa, ni ke kunna fitila da safe in kashe da yamma. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, wannan ƙwai ya mutu a hannuna, kuma kafin in sami madadinsa na yi kurakuran da ba na so wani ɗan'uwana ɗalibi ya maimaita. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin ya faru ne a zango na biyu, lokacin hunturu. Da farko fitilar ta riƙa ƙyaftawa kamar mai jin barci, daga baya gefunanta biyu suka yi baƙi, ran nan kuma na kunna ta ƙi kamawa sam. Sai na ce a raina ai kifi ba karatu yake yi ba, hasken da ke shigowa ta taga ya ishe shi. Ban gaya wa kowa ba. Ashe kusurwar nan ta yi wa taga nisa. Bayan kamar mako biyu ciyawar ta fara yin rawaya, ganyenta yana zubewa yana ruɓewa, ruwan ya yi duhu-duhu yana ɗan wari. Kifayen suka koma saman ruwa suna buɗe baki. Wata Litinin da safe na tarar uku sun mutu suna yawo ciki sama.

Malam bai yi mini faɗa da yawa ba, amma abin da ya faɗa ya fi bulala zafi. Ya ce 'yan aji shida za su yi gwaji da ciyawar nan kafin jarrabawarsu ta fita, kuma idan ta mutu in shirya abin da zan gaya musu. Ya ba ni kuɗi daga asusun Ƙungiyar Kimiyya, watau karo-karon da mu 'yan ƙungiya muke yi, ya ce in sayo sabon ƙwai ranar fita gari.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da ya haɗa fitila da mutuwar kifi. Ciyawar ruwa, kamar kowane tsiro mai koren ganye, da haske take haɗa abincinta. Tana ɗaukar iskar kabon da kifi ke fitarwa, ta haɗa da ruwa, ta yi sukari, sa'an nan ta saki iskar oksijin wadda kifi ke shaƙa. Gwajin 'yan aji shida ma ke nan: a sa reshen ciyawar a ruwa, a matso da fitila kusa, a ƙirga 'yan kumfar iskar da ke tashi daga jikinsa. Idan babu haske wannan aiki ya tsaya. Ciyawar ta daina ba da iska, ta koma shaƙa kawai, in ta mutu kuma ruɓewarta ta ƙara cinye sauran iskar da ke cikin ruwan, ta gurɓata shi. To, ka ji abin da ya kashe kifayena.

Wani zai ce, me zai hana a ja tankin bakin taga a huta? Amsa ita ce rana tana da haske amma ba ta da linzami. Gufi sun fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28, mu kuwa a nan cikin watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Ɗan ruwan da ke cikin gilashi ba ya jimawa yake ɗaukar zafi. Ban da wannan, hasken rana kai tsaye yana sa gansakuka ta rufe gilashin cikin 'yan kwanaki. Fitila kuwa kai ke da ikon kunnawa da kashewa.

Ranar Asabar ta fita gari na je ɗakin kimiyya na auna tsohon ƙwan da taƙi, na ga taƙi uku ne. Na bar shi a nan na tafi kasuwa. A wani shagon kayan wuta na ga wani siririn ƙwai fari tas, na auna shi, na ga shi ma kamar taƙi uku. Mai shago ya ce sabon yayi ne, ba ya cin wuta. Na biya na dawo ina murna. Da na zo sawa sai na ga bai kai mazauninsa ba, ya gaza da kamar yatsa biyu, kuma 'yan ƙafafun nan biyu na ƙarfe da ke kowane gefe sun matse da juna ƙwarai, ba su dace da ramukan ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ran nan nawa idon ko ƙimar bai sani ba.

Fita gari kuwa sau ɗaya ce a wata. Da Malam ya ga halin da ake ciki sai ya haɗa ni da dattijon da ke gyaran wutar makaranta, ya roƙa mini izinin bin sa kasuwa ran Talata. Kafin mu tafi dattijon ya zare tsohon ƙwan, ya goge ƙurar gefensa da hannun riga, ya miƙo mini.

"Ɗan samari, karanta mini abin da ke nan."

Na duba na ce, "Baba, an rubuta 18W/865."

Ya ce, "To, ai shi ya gaya maka sunansa da bakinsa, kai ne ba ka tambaye shi ba."

Daga abin da ya koya mini a hanya, da abin da Malam ya ƙara mini daga baya, na fahimci cewa abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko shi ne kauri. Ana rubuta shi da harafin T da lamba, galibi a jikin kwalin da ƙwan ke ciki. Lambar tana nufin faɗin ƙwan ne idan an raba inci gida takwas. Saboda haka T8 faɗinsa inci ɗaya ne cif, watau kimanin milimita 26. T12, mai kaurin nan na da, inci ɗaya da rabi ne, milimita 38. T5 kuwa, siririn da na sayo, milimita 16 ne kawai. Kauri yana tafiya da ƙafafu. T8 da T12 tazarar ƙafafunsu milimita 13 ce, don haka mazauni ɗaya suke shiga. T5 tazararsa milimita 5 ce, ba yadda za a yi ya shiga mazaunin T8 ko da tsawon ya yi daidai.

Na biyu shi ne tsawo, kuma tsawo yana tafiya ne da yawan wutar da ƙwan ke ci, wadda ake aunawa da wat, shi ne harafin W ɗin da na karanta. A jerin T8, mai wat 15 tsawonsa kimanin santimita 44 ne, mai wat 18 santimita 59, mai wat 30 kusan santimita 90, mai wat 36 kuma santimita 120, shi ne irin na azuzuwa. Wanda na sayo T5 ne mai wat 14, tsawonsa kusan santimita 55. Santimita huɗun nan da ke tsakani su taƙi ya kasa gani. Don haka a auna da rula, in kuwa da hali a naɗe tsohon ƙwan a takarda a tafi da shi shago.

Na uku shi ne abin da ke ɓoye cikin murfin. Dogon ƙwai ba kamar ƙwan da ne mai zare a ciki ba, wanda ake haɗawa da waya kawai ya kama. A cikin fuloresan akwai iska marar yawa da ɗan ɗigon zaiba. Idan wuta ta ratsa ta ciki, tururin zaibar yakan fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ce ke karɓar wannan haske ta mayar da shi wanda muke gani. Amma irin wannan ƙwai ba ya iya tsayar wa kansa iyaka. In an bar shi zai yi ta jan wuta har ya ƙone. Shi ya sa ake sa masa wani ƙarfe mai nauyi da masu gyaran wuta ke kira cok, wanda ke rage masa wutar. Kowane cok an yi shi ne domin ƙwai mai wani adadin wat, kuma an rubuta a jikinsa. Idan aka haɗa ƙwai da cok ɗin da ba nasa ba, ko dai ya ƙi kamawa, ko ya yi dishi-dishi, ko ya mutu da wuri. Baba ya ce tsohon T12 mai wat 20 da T8 mai wat 18 suna iya amfani da irin cok ɗinmu, haka kuma mai 40 da mai 36. Shi kuwa T5 irin nawa sai da cok na zamani marar nauyi. Ya kuma gargaɗe ni game da murfin tanki na gwanjo da ake shigowa da shi daga Amurka, domin can wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

Na huɗu shi ne launin haske, kuma a nan ne lambar nan 865 ta shigo. Lambar farko, watau 8, tana nuna yadda hasken ke fito da ainihin launin abu. Mafi kyau a wannan ma'auni shi ne 100, irin na rana, 8 kuwa tana nufin 80 da wani abu. Mai farawa da 9 ya fi, mai farawa da 7 ko 6 bai kai ba, yakan sa jan kifi ya yi kamar ya koɗe. Sauran lambobin biyu, 65, gajarta ce ta 6,500 a ma'aunin Kelbin, wanda aka sa wa sunan wani masanin kimiyya na Birtaniya da ya rayu a ƙarni na 19. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ma'auni ita ce a tuna maƙera. Idan maƙeri ya sa ƙarfe a wuta ana zuga, da farko yakan yi ja, in zafi ya ƙaru ya koma ruwan ɗorawa, in ya ƙara ƙaruwa ya yi fari. Haka lambar take. Haske mai 2,700 ko 3,000 ja-ja ne kamar na fitilar ƙwai, mai 4,000 fari ne, mai 6,500 kamar hasken rana tsaka, daga 10,000 zuwa sama kuma ya karkata zuwa shuɗi.

Ga tankin ruwan daɗi mai ciyawa irin namu, abin da ya fi dacewa shi ne tsakanin 5,000 da 6,700. Ba wai mai 3,000 zai kashe ciyawa ba ne, za ta rayu, sai dai ruwan zai yi kama da shayi, mai kallo ya ɗauka ba a wanke tankin ba. Masu 10,000 zuwa sama da shuɗayen nan an yi su ne domin masu kiwon kifin teku da murjani, domin a cikin teku shuɗin haske ne ke iya nutsawa ƙasa sosai.

Akwai kuma wani wuri da ido ke yaudarar mutum. A jikin kwali akan rubuta yawan haske da ma'aunin luman. Namu mai wat 18 yana ba da kimanin 1,300. Amma wannan ma'auni da idon ɗan Adam aka tsara shi, idonmu kuwa kore da rawaya ya fi gani. Farin haske, kamar yadda bakan gizo ke nuna mana, launuka ne da yawa a haɗe, kuma ganye ya fi shan ja da shuɗi daga cikinsu. Koren da muke gani a jikinsa shi ne wanda ya fi mayarwa. Saboda haka akwai ƙwan da aka yi musamman domin tsirrai, kamar Gro-Lux na kamfanin Sylvania, mai haske ruwan hoda, wanda mutum zai ga kamar ba shi da ƙarfi alhali ciyawa tana jin daɗinsa. Wanda ya samu yana iya sawa. Wanda bai samu ba kada ya damu, 865 na shagon kayan wuta ya wadatar, ga shi kuma da sauƙin kuɗi.

A shagon, mai kaya ya karɓi siririn ƙwan saboda darajar Baba, ya fito mana da iri-iri. Akwai kore da shuɗi irin na ado, Baba ya ce waɗannan na gidan biki ne. Akwai wani baƙi-baƙi irin wanda ake duba takardar kuɗi da shi, ya ce babu abin da zai yi wa ciyawa. Daga nan ya ja kunnena game da wani iri wanda gilashinsa garau yake, babu farar hoda a ciki. Wannan na kashe ƙwayoyin cuta ne, yana sakin hasken zaibar nan tsirara, yana ƙona ido da fata. Ko kyauta aka ba ka kada ka ɗora shi kan tanki, kada ma ka kalle shi yana kunne.

Muka sayi T8 mai wat 18, lamba 865, muka dawo. Na sa shi, na murɗa har ya zauna, na kunna. Sai ya yi ƙyaf, ƙyaf, ya ƙi tsayawa! Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, kuɗin ƙungiya sun sake tafiya. Baba ya yi dariya, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani fari da bai fi babban yatsa ba. Ita ce sitata. Aikinta shi ne ta ɗumama gefunan ƙwan na ɗan lokaci, sa'an nan ta yanke, cok ya ba da bugun da zai tayar da hasken. Tsohon ƙwan da ya daɗe yana ƙyaftawa ya gajiyar da tamu. Da ya canja ta sai haske ya tsaya cak. Ya ce a riƙa canja ƙwai da sitata tare, tun da ita ba ta da tsada. Ya ƙara da cewa idan wuta ta zo ba ƙarfi, fuloresan mai tsohon cok yakan yi ta ƙyaftawa ko da lafiyarsa lau, don haka a kashe shi a jira, kada a yi saurin zarginsa.

Sayen ƙwai ba shi ne ƙarshen aiki ba. Awa 8 zuwa 10 na haske a rana sun isa. In an wuce haka gansakuka ce za ta ci riba. Kada kuma a bar fitila ta kwana a kunne, domin kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, duhu ne hutunsa. A riƙa goge gilashin da ke tsakanin ƙwai da ruwa, gama ƙura da farin busasshen ruwa suna tare haske. In akwai kainuwa a saman ruwan a riƙa rage ta, kada ta yi wa na ƙasa inuwa. Har wa yau, hasken fuloresan yana raguwa a hankali tun kafin ya mutu, ido kuwa ba ya lura. Shi ya sa masu kiwon kifin ado da yawa sukan canja nasu shekara-shekara. Ni na rubuta ranar da muka sa namu a jikin murfin, domin wanda zai gaje ni.

Ruwa da wutar lantarki ba sa ga maciji da juna. Kafin a taɓa murfi a zare filogi daga bango, a goge hannu ya bushe. A bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa da soket, yadda in ruwa ya biyo ta zai ɗiga ƙasa maimakon ya shiga ramin wuta. Tsohon ƙwai kuma ba abin wasa ba ne. Na sha ganin yara suna fasa shi a bola don su ji ƙarar. Zaibar da ke ciki 'yar kaɗan ce, amma guba ce. In ya fashe a ɗaki a buɗe tagogi, a fita na ɗan lokaci, sa'an nan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙiyar takarda, a ƙulle a leda.

Wannan zaiba ce ma ta sa kwanakin fuloresan suka kusa ƙarewa. Kamfanin General Electric na Amurka ya fara sayar da shi a 1938. A 1956 aka gano wata muguwar cuta a garin Minamata na ƙasar Japan, wadda zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku ta haddasa, ta shiga jikin kifi, daga nan ta shiga jikin masu cinsa. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba a 2013. A watan Agusta na 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T5 da T8 na hasken gida kasuwanninta, kuma a wannan shekarar ƙasashen yarjejeniyar suka amince a daina ƙera irinsu zuwa 2027. Abin da ke maye gurbinsa shi ne fitilar LED, wadda ba ta da zaiba, kuma wutar da take ci kusan rabi ce. Akwai ta a siffar T8, tana shiga mazauni ɗaya. Amma wata tana aiki da tsohon cok idan an sa 'yar sitatar da ta zo da ita, wata kuma sai an cire cok ɗin an sake haɗa waya, wannan kuwa aikin mai gyaran wuta ne, ba na ɗalibi ba. Maganar tsawo da ƙafafu da 6,500 tana nan yadda take.

Game da tankinmu, mun cire ruɓaɓɓen ganye, muka canja rabin ruwan. Cikin mako uku ciyawar ta fito da sabon toho. 'Yan aji shida sun yi gwajinsu, ina tsaye a baya ina kallon kumfa tana tashi ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikin matan gufin ma ta haihu, domin su ba ƙwai suke sakawa ba, 'ya'ya suke haifa. Amma ukun da suka mutu ba su dawo ba, kuma ni na san sakacina ne ya kashe su.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk ranar da aka aike ku sayen irin wannan abu, ku fara karanta abin da ke jikin tsohon, ku rubuta a takarda, in kun rasa gane wani abu ku tambayi wanda ya sani, domin matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma yake son ganin jariran kifin, yana iya zuwa ɗakin kimiyya ran Alhamis bayan la'asar, lokacin taron ƙungiyarmu. Sai dai don Allah kada a ƙwanƙwasa gilashin.